Wa Ya Raɗa Mata Suna?

A watan Nuwamba na 1977 gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin babban taron mata na ƙasa a birnin Houston da ke jihar Texas. Wakilai kimanin 2,000 suka hallara, ban da dubban 'yan kallo, domin tsara buƙatun da za a miƙa wa shugaba Jimmy Carter. Loretta Ross, wadda ta daɗe a gwagwarmayar mata, ta ba da labari cewa wasu baƙaƙen mata daga Washington sun duba daftarin da aka shirya, suka ga 'yan shafuka kaɗan aka tsakura wa matan da ba farare ba. Sai suka iso taron da nasu kundin na buƙatun baƙaƙen mata. Da sauran suka gan shi, wato 'yan asalin Latin Amurka da na Asiya da jikokin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, suka ce a sa da su. Aka yarda. To amma da zarar sun shiga, kundin ba zai ci gaba da amsa sunan baƙaƙe kaɗai ba. A wajen neman sunan da zai ɗauke kowa, in ji Ross, aka tsaya a kan "women of color", wato mata masu launi.

Yau wannan laƙabi ya zama kanun kanta a shagunan littattafai, ya zama rukuni a manhajojin kallon finafinai, ya shiga bakin masu raba lambobin yabo. Yarinyar da ke Atlanta ko Landan, wadda ta gaji da kallon fuskokin da ba su yi kama da ita ba, a ƙarƙashinsa ake ce mata ta je ta duba. Abin da nake son in bi diddiginsa shi ne ko a nan take samun kanta, da kuma irin sunayen da aka riƙa kiran iyayenta mata da su a allon talabijin kafin a zo nan.

Batun launi a sunan mutane ya girmi taron Houston da ƙarni biyu. A yankunan da Faransa ta mallaka, musamman Saint-Domingue wadda ta zama Haiti, da kuma Louisiana, akwai rukunin da ake kira "gens de couleur", galibi 'ya'yan auratayya ko ƙwarƙwaranci tsakanin Turawa da bayi, waɗanda suke da 'yanci amma ba su kai matsayin farare ba. A kudancin Amurka kuwa, bayan an soke bauta, kalmar "colored" ce aka rubuta a allunan da ke saman famfon shan ruwa da ɗakin jiran jirgin ƙasa da ƙofar bayan gidan abinci. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP da aka kafa a 1909 har gobe tana ɗauke da kalmar a cikin sunanta, don a lokacin ita ce ta ladabi. A shekarun 1960 matasa suka yi watsi da ita, suka rungumi "Black", baƙi, kalmar da a da zagi ce. A 1988 ɗan gwagwarmaya Jesse Jackson ya yi kira a koma "African American". Wanda ya dubi "colored" da "of color" zai ga tushensu ɗaya, amma a Amurka ta yau ta farko cin fuska ce, ta biyu kuwa ana faɗinta a jami'a da majalisa. Abin da ya raba su shi ne hannun da ya rubuta. Ta farko mai doka ne ya manna ta a bango. Ta biyu matan ne suka zauna suka yi ciniki a kanta, kuma Ross ta nanata cewa sunan ƙawance ne na siyasa, ba bayanin halittar kowa ba.

Kafin wannan ƙawance, allon Amurka yana da sunaye uku da yake juya baƙar mace a cikinsu. Mafi daɗewa shi ne Mammy, 'yar aikin gida mai ƙiba da ɗankwali, mai fara'a, wadda ta fi son 'ya'yan uwargijiyarta a kan nata, in ma an nuna tana da nata. A 1940 Hattie McDaniel ta zama baƙar fata ta farko da ta ci lambar yabon fim ta Oscar, saboda fitowa a wannan matsayi a fim ɗin Gone with the Wind. Ba a bar ta ta halarci bikin fara nuna fim ɗin a Atlanta ba, a daren karɓar kyautar kuma can gefe aka ajiye mata tebur, nesa da abokan aikinta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matar da ta fito a matsayinta ba ta da suna. Kusan awa huɗu ana fim, aikinta kawai ake kiranta da shi. Son wannan siffa ya kai har a 1923 majalisar dattawan Amurka ta amince a gina mata mutum-mutumi a Washington, bisa roƙon ƙungiyar United Daughters of the Confederacy, 'ya'ya da jikokin waɗanda suka yi yaƙi don bauta ta ɗore. Baƙaƙen mata irin su Mary Church Terrell suka tashi tsaye, ƙudurin ya mutu a majalisar wakilai. Fuskar dai ta ci gaba da zama a kan kwalin garin fanke na Aunt Jemima tun ƙarshen ƙarni na 19, sai a 2021 aka sauya wa hajar suna.

Nan sai mai karatu Bahaushe ya yi hattara, domin kunnensa zai iya yaudararsa. A wurinmu, a ce wa mace Inna ko Goggo ko Anti girmamawa ce, kuma sakaya sunan babba alkunya ce: ana ce mata Maman Wane ko Hajiya don an ɗaga ta. A kudancin Amurka an yi amfani da "Aunt" da "Mammy" ne don a kauce wa abu guda, wato kiran baƙar mace "Mrs." ko "Miss" tare da sunan danginta, kamar yadda ake yi wa kowace farar mace. Yaro ɗan shekara bakwai zai kira tsohuwa mai jikoki da sunanta na yanka gatsau, in an so a sassauta sai a ce mata Anti. Kalmar dangantaka ce a baki, amma aikinta hana daraja.

Da talabijin ya zo, da wannan gado ya fara. Beulah, wanda aka nuna daga 1950 zuwa 1953, shi ne shirin barkwanci na farko da baƙar mace ta ja ragamarsa, kuma 'yar aiki ce mai warware matsalolin iyalin farare. A rediyo, inda aka fara shi, wani farin namiji mai suna Marlin Hurt ne yake maƙale murya yana yin Beulah. Suna na biyu ya fito daga Amos 'n' Andy, wanda wasu fararen maza biyu suka ƙirƙira a rediyo a 1928, ya koma talabijin a 1951. Matar ɗaya daga cikin taurarin shirin, Sapphire, mafaɗaciya ce, hannu a ƙugu, kullum tana yi wa mijinta tijara. NAACP ta yi ta ƙorafi, aka daina shirya shi a 1953, amma sai 1966 aka daina maimaita tsofaffin. Sunan Sapphire ya fita daga shirin ya zama tambarin da ake buga wa duk baƙar macen da ta ɗaga murya, ko da gaskiyarta. Shi ne kakan abin da yau ake cewa fusatacciyar baƙar mace. Na uku, Jezebel, daga Littafi Mai Tsarki aka aro shi, sunan matar sarki Ahab, aka laƙaba wa baƙar mace don a nuna ta a matsayin mai jarabar maza, abin da ya ba iyayen gijin bayi hujjar wanke kansu daga fyaɗen da suke yi. Masaniyar zamantakewa Patricia Hill Collins ta nuna a littafinta na 1990 cewa waɗannan siffofi kayan sarrafa mutane ne, kowanne da aikin da yake yi wa masu iko. Hausawa sun riga sun ce suna linzami ne.

Shi ya sa idan ka buɗe littattafan tarihin rayuwa da waɗannan mata suka rubuta da hannunsu, za ka tarar faɗan suna yana tsakiyarsu. Maya Angelou, wadda sunanta na yanka Marguerite Johnson, ta ba da labari a littafinta na 1969, I Know Why the Caged Bird Sings, cewa tana 'yar shekara goma aka kai ta aiki gidan wata farar mace a garin Stamps na jihar Arkansas. Matar ba ta ma iya faɗin sunan daidai ba, Margaret take cewa. Wata ƙawarta ta ce sunan ya yi tsawo, a riƙa ce mata Mary. Kukun gidan ta rarrashi yarinyar da cewa ita ma Hallelujah ne sunanta, uwargijiyar ce ta mayar da ita Glory shekaru da yawa da suka wuce, kuma ta saba. Yarinyar ba ta saba ba. Ba ta da ikon ajiye aikin, don haka ta ɗauki kwanon tangaran da matar ta fi ƙauna, gadon uwarta, ta sake shi ya tarwatse. Cikin kuka da fushi matar ta koma kiranta Margaret. A littafin dai akwai kakarta, mai kanti, wadda wani alƙali ya aika mata sammaci da "Mrs. Henderson" don bai san baƙa ba ce. Fararen da ke kotun suka yi ta dariya, baƙaƙen garin kuwa suka riƙe abin a matsayin shaidar darajarta.

Wannan faɗa bai tsaya a littafi ba. A 1963, a wata kotu a Gadsden ta jihar Alabama, lauyan gwamnati ya riƙa kiran wata 'yar gwagwarmaya mai suna Mary Hamilton da "Mary" kawai. Ta ce ba za ta amsa ba sai ya kira ta yadda ake kiran fararen shaidu. Alƙali ya ci ta tarar dala 50 da ɗaurin kwana 5. A 1964 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin. Tun kafin su, Isabella Baumfree ta ajiye sunan bauta a 1843 ta raɗa wa kanta Sojourner Truth. Harriet Jacobs, wadda ta ɓuya kusan shekara bakwai a wani ɗan saƙo a rufin ɗakin kakarta don guje wa ubangijinta, dole ta sa ta fitar da labarinta a 1861 da sunan aro, Linda Brent. Sakamakon haka an shafe shekaru masu yawa ana zaton ƙagaggen labari ne da wata farar mace ta rubuta, sai a shekarun 1980 Jean Fagan Yellin ta tono wasiƙu da takardu ta mayar mata da littafinta.

Talabijin ya yi jinkiri kafin ya kamo littafi. A 1966 Nichelle Nichols ta fito a Star Trek a matsayin jami'ar sadarwa Uhura, sunan da aka samo daga kalmar 'yanci ta Swahili. 'Yar fim Whoopi Goldberg ta sha faɗin yadda tana yarinya ta ruga ta kira mutanen gidansu su zo su ga baƙar mace a talabijin kuma ba 'yar aiki ba. Da Nichols ta yi niyyar barin shirin, Martin Luther King ne ya roƙe ta ta zauna. A 1968 Diahann Carroll ta fito a Julia, ma'aikaciyar jinya da mijinta ya mutu a yaƙin Vietnam. Baƙaƙe da yawa suka yi murna, wasu kuma suka ce wannan tsaf-tsaf ɗin gida da rayuwa marar ƙura ba tasu ba ce, a shekarar da aka kashe King biranen ƙasar suka kama da wuta. Daga 1984 Clair Huxtable ta The Cosby Show, lauya kuma uwar 'ya'ya biyar, ta zama abin koyi.

Daga wannan gyara ne wani sabon laƙabi ya yi ƙarfi, kuma ni ina ganin ya fi sauran wuyar ƙi, domin yabo ne: jarumar baƙar mace, wadda ba ta gajiya, ba ta kuka, kowa ya jingina da ita. Wa zai yi fushi don an ce masa jarumi? Amma wadda aka ce ba ta jin ciwo, ba a yi mata sannu. A Amurka baƙaƙen mata suna mutuwa wajen haihuwa kimanin ninki uku na farare, bisa alƙaluman hukumar lafiya ta CDC, kuma ko Serena Williams ta ba da labarin yadda sai da ta nace kafin a saurare ta bayan haihuwarta a 2017, alhali gudan jini ne a huhunta. Macen da ta dawo daga aiki a gajiye, ta kunna talabijin ta ga wadda ba ta taɓa gajiya ba, ba kanta ta gani ba. An ƙara mata wani ma'auni ne da za ta kasa cikawa.

A nan ne nake ganin darajar abin da Viola Davis ta yi. Bayan Scandal na Shonda Rhimes ya fito a 2012, inda Kerry Washington ta zama baƙar mace ta farko da ta ja shirin dirama a manyan tashoshin ƙasar tun 1974, sai How to Get Away with Murder ya biyo a 2014, Davis tana lauya Annalise Keating. Tun kafin a fara nuna shi wata mai sharhi a jaridar New York Times ta jawo tsohon tambarin fusatacciyar baƙar mace ta manna wa Rhimes da taurarinta, aka yi mata ca. Amsar da ta fi ƙarfi a cikin shirin ta zo. Davis ce da kanta ta nemi a nuna Annalise da dare gaban madubi, ta cire gashin kanti, ta ɓare gashin ido, ta goge kwalliya, ta bar fuskarta da gashinta yadda Allah ya yi su. Daga baya uwarta ta zo daga kudu, Cicely Tyson ce ta fito a matsayin uwar, sai muka ji ashe Annalise suna ne da ta saƙa wa kanta don shiga duniyar manyan lauyoyi. Uwar ba ta san wata Annalise ba, Anna Mae take kira. Ta zaunar da ita a ƙasa tsakanin ƙafafunta tana taje mata kai, suna tono abin da ya faru a gidansu tana yarinya. Duk macen da aka taɓa yi wa kitso ta san wannan zama, ta san irin maganar da ake iya yi a cikinsa don ba a kallon ido. A 2015 Davis ta zama baƙar mace ta farko da ta ci lambar yabon talabijin ta Emmy ta babbar tauraruwar dirama. Ita ce kuma ta fito fili a 2018 ta ce tana nadamar fitowa a fim ɗin The Help, don an yi shi a kan 'yan aiki amma ba muryarsu aka ji ba.

Issa Rae, wadda mahaifinta ɗan Senegal ne, ta bi wata hanya. A 2011 ta fara ɗan shiri a YouTube, ta zaɓa wa kanta siffar da ba a taɓa ba baƙar mace a allo ba: "awkward", wato mai daburcewa cikin mutane, wadda ba ta san inda za ta sa hannunta a wajen biki ba, wadda amsar da ta dace sai ta koma gida take zo mata. Da wannan suna ta fitar da littafin rayuwarta a 2015, daga nan aka samu Insecure a tashar HBO daga 2016 zuwa 2021, tare da Yvonne Orji, haifaffiyar Fatakwal, a matsayin aminiyarta Molly. Mata da yawa sun ce a nan suka fara ganin kansu, kuma abin da suka gani mace ce mai yin kuskure, mai cin amana a yi mata, mai ƙarancin kuɗi, wadda ba ta wakiltar kowa.

Idan muka koma kan "mata masu launi", amfaninsa a fagen siyasa ba abin musu ba ne. Da shi Barbara Smith da Audre Lorde da abokansu suka kafa maɗaba'ar Kitchen Table a 1980, da shi Cherríe Moraga da Gloria Anzaldúa suka tara marubuta a This Bridge Called My Back a 1981. Matsalar tana farawa ne idan kamfani ya ɗauke shi ya mayar da shi gurbin da za a cike. Sunan ya ƙunshi mafi yawan matan duniya, don haka ana iya cike gurbin da kowace, kuma sau da yawa da wadda fatarta ta fi haske ake cikewa. A fim ɗin Nina na 2016 an ɗauki Zoe Saldaña ta fito a matsayin mawaƙiya Nina Simone, aka shafa mata baƙin fenti aka ƙara mata hancin roba, alhali baƙin fatar Simone da faɗin hancinta suna cikin abin da ta sha wahala a kansa, ta kuma yi waƙa a kansa. Saldaña ta nemi gafara a 2020. Marubuciya Alice Walker ta riga ta raɗa wa wannan cuta suna a farkon shekarun 1980, "colorism", fifita mai haske a cikin jinsi ɗaya. Mu ma ba baƙonmu ba ne: mun san matsayin da ake ba fara da wankan tarwaɗa da baƙa a zancen aure da zaɓen 'yan fim, mun san kasuwar man bilicin.

Haka kuma laƙabin yana haɗe rayuwar da ba ta haɗu ba. Devi ta Never Have I Ever, shirin Mindy Kaling na 2020, 'yar Tamil ce a California da ke fama da mutuwar uba da tsananin uwa. Matan We Are Lady Parts na Nida Manzoor, Musulmi ne a Landan da suka kafa ƙungiyar kiɗa, ɗaya da niƙabi, ɗaya baƙa mai aure da 'ya. Wadda ta ga kanta a ɗayansu, ta gani ne ta dalilin uwa irin tata ko sallah irin tata. Uzo Aduba, 'yar Ibo da ta tashi a Massachusetts, ta roƙi mahaifiyarta tana yarinya a riƙa kiranta Zoe don Turawa sun kasa faɗin Uzoamaka. Uwar ta ce mutanen da suka koyi faɗin Tchaikovsky za su koyi nata. A Orange Is the New Black, shirin da mai shi Jenji Kohan ta amsa cewa sai da ta sa farar mace a gaba kafin a saya, Aduba ta fito a matsayin fursunar da ake yi wa laƙabi da mahaukatan idanu, ta yi ta aiki har masu kallo suka koma kiranta Suzanne. Littafin rayuwarta na 2024 ma'anar sunanta ta sa masa, hanya ta yi kyau.

Akwai kuma sunan da ke kan takardar yarjejeniya, wanda mai kallo ba ya gani. Michaela Coel, 'yar iyayen Ghana da aka haifa a Landan, ta rubuta I May Destroy You daga abin da ya same ta na fyaɗe. Netflix ya yi mata tayin dala miliyan ɗaya, da sharaɗin ba za ta riƙe ko kaso kaɗan na haƙƙin mallaka ba. Ta ƙi. Ta kai wa BBC, wadda ta bar mata haƙƙinta da ikon tsara shirin yadda take so, aka nuna shi a 2020 tare da HBO. Ita ta rubuta dukkan kashi 12, ta yi tarayya a ba da umarni, ta fito a matsayin Arabella, marubuciyar da ba jaruma ba ce kuma ba abar tausayi ba, wadda takan cuci ƙawayenta a lokacin da ita ma take jinyar nata raunin. A 2021 Coel ta zama baƙar mace ta farko da ta ci Emmy ta rubutun gajeren jerin shiri.